Tambayoyin da ɗalibanmu na Madina suka fi yi mini a laburare

Malam, me ya sa ba za ka nuna mana yadda ake nemo littafi kawai mu tafi ba?

Wannan ai aikin minti goma ne. Abin da nake so ku koya shi ne tambayar wa ya rubuta, don wa, kuma bakin wa ba a ji ba.

Shamila, manhajar nan mai tarin littattafan Larabci, ta wadatar?

A'a. Ka gano wurin da ita, sannan ka ɗauko bugaggen littafin ka duba shafin da idonka.

An turo mini labari a WhatsApp, in sa a bahasi, wato rubutun bincikena?

Haba ɗan'uwa! Kai da ake koya wa jarhu da ta'adili, ilimin tantance masu ruwayar hadisi, a aji? In hadisi ne sai ka bi isnadinsa, amma labarin tarihi ko na lafiya sai ka haɗiye ba tauna. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ai jeren littattafai a kan kantar laburare ba ruwansa da son rai?

Da ruwansa. Tsarin Dewey na 1876, wanda ake jera littattafai da lambobi, ya ba Kiristanci mafi yawan lambobin addini, Musulunci kuwa 297 kaɗai ya samu. Shi ya sa laburarorin ƙasashen Larabawa suka gyara shi.

Ina rubutu a kan Hausawan da suka yi hijira gabas. Rahoton Turawa zan bi, ko maganar tsofaffin unguwar Shara Mansur a Makka?

To, nan sai a hankali. Ba zan ce ka yar da rahoton Turawa ba, domin sau da yawa su ke da kwanan wata da sunan wuri. Amma duba yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a kan hanyarsa ta hijira gabas: waɗanda suka yi harbin, su ne suka rubuta rahoton, kuma shugabanninsu suke wa bayani. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce Sudan, garin Maiurno na nan kusa da Sinnar, kuma zuriyar waɗanda suka bi shi suna da nasu labarin.

Sai dai tsoho ma yakan manta, yakan kuma fifita gidansu. Ka tambaye shi a wurin wa ya ji, ka rubuta ranar hirar, ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa, tunda wasu suna da matsalar takardun zama. Inda rahoton da maganar tsohon suka saɓa, kawo su duka ka faɗi dalilin da ya sa ka karkata. Wani mushrifin, wato malami mai duba bincike, ba ya karɓar ruwayar baki, don haka ka fara zama da naka.

Larabcina bai yi ƙarfi ba, zan iya?

Za ka iya, kwantar da hankalinka. Zo da littafi ɗaya bayan La'asar mu fara da muƙaddimarsa.