Fitar da Ƙananan Jiragen Sama zuwa Ƙetare da Harajin da ke Kansu

Ƙaramin jirgin sama, a ma'aunin da Amurka ta daɗe tana aiki da shi, shi ne wanda nauyinsa lokacin tashi bai wuce kilo 5,670 ba. A wannan aji ake samun jiragen koyon tuƙi masu kujera biyu ko huɗu, da na feshin gona, da masu ɗauko marasa lafiya daga wuraren da mota ba ta kaiwa. Ƙasashen da ke ƙera su kaɗan ne, masu buƙatarsu kuwa suna ko'ina, shi ya sa da yawansu sai sun tsallaka iyaka kafin su isa hannun masu su. Abin da ake karɓa a bakin iyakar nan ya daɗe yana jawo jayayya tsakanin ƙasashe.

Masu ƙerawa

Amurka ce kan gaba tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Cessna da Beechcraft a Wichita, Piper a Vero Beach, daga baya Cirrus a Duluth. Samfurin Cessna 172, wanda ya shiga kasuwa a 1956, an ƙera sama da 44,000, babu jirgin da ya kamo shi a yawa. A Turai akwai Diamond a Ostiriya, Tecnam a Italiya, Pilatus a Suwizalan da Daher a Faransa. Mallakar kamfanonin ta cakuɗe: wani kamfanin gwamnatin Sin ya sayi Cirrus a 2011, ga shi kuma har yau a Amurka ake haɗa jiragen.

Yadda ake kai jirgi

Hanya biyu ce. Ko a kwance fuka-fukan a lodi jirgin cikin kwantena mai ƙafa 40 a bi da shi ta teku, makanikai su sake haɗa shi a can, ko a ba wani ƙwararren matuƙi ya tuƙa shi da kansa. Masu zuwa Turai daga Amurka kan bi ta arewa zango-zango: Goose Bay a Kanada, kudancin Girinlan, Reykjavik a Aislan, sannan Wick a Sukotlan. Tekun Pasifik ya fi wuya, domin tsakanin Kalifoniya da Hawayi akwai sama da kilomita 3,700 babu wurin sauka. Dole a cire kujeru a sa ƙarin tankunan mai a cikin jirgin, kuma sai da izini na musamman yake tashi da wannan nauyi.

Takardu

Yarjejeniyar Shikago ta 1944 kan zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashe ta ce ƙasar da jirgi ya yi rajista ita ce ƙasarsa, kuma ba ya riƙe rajista biyu a lokaci ɗaya. Don haka sai an soke tsohuwar kafin a ba shi sabuwa, a goge lambar da ke jikinsa a rubuta wata. Hukumar jiragen sama ta ƙasar da ya fito tana bayar da takardar shaidar lafiyarsa, amma sai hukumar ƙasar da ya shiga ta riga ta amince da samfurin kafin ya fara aiki. Wannan mataki kan ci watanni, wani lokaci ya fi harajin kansa hana ciniki.

A kundin kwastam na duniya jiragen sama suna ƙarƙashin lamba 8802, kuma waɗanda nauyinsu ba tare da kaya ba bai wuce kilo 2,000 ba suna da ajinsu daban.

Tarihin harajin kwastam

A shekarun 1960 kamfanonin Amurka sun gane cewa hanyar kauce wa kuɗin fito da tsadar dako ita ce a haɗa jirgin a cikin kasuwar da za a sayar da shi. Cessna ta sayi hannun jari a wani kamfanin Faransa da ya zama Reims Aviation, wanda ya ƙera dubban jiragenta domin kasuwar Turai har wajen ƙarshen shekarun 1980. An yi irin wannan da jiragen Piper a Ajantina da Polan.

Labarin Burazil shi ne aka fi kawowa a wannan fanni, kuma ya cancanci haka. A farkon shekarun 1970 Burazil ce babbar kasuwar ƙananan jiragen Amurka a ƙetare, Cessna ce kuma ke riƙe da mafi yawanta. Gwamnatin soja ta lokacin tana son kamfanin Embraer, wanda ta kafa a 1969 a São José dos Campos, ya koyi ƙera jirage da yawa a jere, sai ta nemi manyan kamfanonin Amurka su ba da lasisin haɗa jiragensu a cikin ƙasar. Cessna ta ja da sharuɗɗan, musamman batun barin Embraer ya sauya fasalin jirgi ko ya sayar a wasu ƙasashe. Piper ta yarda, aka ƙulla yarjejeniya a 1974. Ba da jimawa ba harajin shigo da irin waɗannan jirage ya tashi zuwa kashi 50 cikin ɗari, aka haɗa da dokar da ke tsananta shigo da abin da ake yin makamancinsa a gida. Cessna, mai sayar da ɗaruruwan jirage a shekara, ta wayi gari kusan babu ciniki. Embraer ya riƙa fitar da jiragen Piper da sunayen gida irin su Carioca, Corisco, Minuano da Sertanejo, sassan da ake yi a Burazil suna ƙaruwa shekara bayan shekara. Kamfanonin Amurka sun yi ta kuka cewa an rufe musu ƙofa alhali jirgin Bandeirante na Embraer yana samun kasuwa a ƙasarsu. A 1982 kamfanin Fairchild ya kai ƙara yana zargin tallafin gwamnati, hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta yi watsi da ƙarar. Embraer a yau yana cikin manyan masu ƙera jiragen fasinja a duniya, abin da masu goyon bayan kare masana'antar da ke tasowa ba sa gajiya da ambata.

A wannan zamanin ne ƙera ƙananan jirage a Amurka ya kai ƙololuwa, kusan 18,000 a 1978, sannan ya faɗi ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. An fi ɗora laifin a kan ƙararrakin neman diyya da tsadar inshora fiye da harajin ƙetare. Cessna ta daina ƙera masu injin fistin, wato irin na mota, a 1986, ba ta koma ba sai bayan dokar 1994 da ta taƙaita alhakin maƙeri ga shekara 18.

Yarjejeniyar jiragen farar hula

A zagayen tattaunawar ciniki na Tokiyo aka cim ma yarjejeniyar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1980. Ta soke kuɗin fito a kan duk jirgin da ba na soja ba, da injinsa da sassansa da na'urorin koyon tuƙi. Ba ta hau kan kowa ba, sai wanda ya sa hannu. Masu sa hannun sun ɗan haura 30, yawancinsu ƙasashen Turai, tare da Amurka, Kanada da Japan. Masar na ciki, Sin da Indiya ba sa ciki. Sai dai ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta daidaita abokan ciniki ta sa waɗanda ba su sa hannu ba ma suna cin moriyar rangwamen. Nan ne tushen ƙorafin masu ƙerawa: ƙasashen da ba su sa hannu ba suna sayar da jiragensu ba haraji, amma suna karɓa idan an kawo musu.

Harajin VAT

Soke kuɗin fito bai taɓa VAT ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kuma a nan ne nauyin ya fi sauka a kan ƙaramin mai saye. A Tarayyar Turai kamfanin jirage mai jigila tsakanin ƙasashe ba ya biyan VAT a kan jirginsa, amma mutum ɗaya da ya sayi mai kujera huɗu zai biya cikakke, wanda a ƙasashe da dama ya kai kashi 20 ko fiye. Shekaru da yawa masu saye sun riƙa shigo da jirage ta Denmak, inda ba a karɓar komai, har aka toshe hanyar a farkon 2010. Birtaniya ma ta yafe wa jiragen da suka haura kilo 8,000 har zuwa 2011, wato babba ya wuce kyauta, ƙarami ya biya. Amurka ta gwada harajin kayan alatu na kashi 10 a kan jirage masu tsada a 1991, ta soke shi a 1993.

Muhawara kan adalci

Wani ɓangare na ganin ƙaramin jirgi kayan masu hali ne, ba laifi a tatsi haraji. Ɗaya ɓangaren na cewa a kansa matuƙa ke koyon aiki, shi ne kuma ke kai likita inda babu hanya. VAT dai bai saɓa ƙa'idar ciniki ba muddin ana karɓarsa daidai a kan jirgin gida da na waje. Rikicin tallafin gwamnati tsakanin Amurka da Tarayyar Turai a kan kamfanonin Boeing da Airbus, daga 2004 zuwa dakatar da harajin ramuwa a 2021, ya shafi manyan jirage ne.

Abin da ya faru a 2025

A 2025 sabbin harajin da Amurka ta ƙaƙaba sun haɗa da jirage. Da aka sa wa kayan Suwizalan kashi 39 a watan Agusta, Pilatus ya dakatar da kai jiragensa Amurka na wani lokaci. A 2025 ɗin kuma Amurka da Tarayyar Turai suka amince a cire jirage da sassansu daga ƙarin harajin.