Kayan Tarihin Magani da Kiwon Lafiya a Gidajen Tarihi

Kayan tarihin magani su ne abubuwan da mutanen da suka gabata suka yi aiki da su wajen gano cuta, ko warkar da ita, ko neman kariya daga gare ta, waɗanda daga baya aka ɗauke su daga hannun masu sana'a aka adana a gidan tarihi ko ɗakin karatu domin nazari. Sun haɗa da kayan fiɗa da na awo, da kwalaben magani da turamen daka shi, da gaɓoɓin da ake ƙera wa wanda ya rasa nasa, da littattafan ɗibbu, da layu, har da ƙasusuwa da sassan jikin mutum da aka hana su ruɓewa. Darajar irin waɗannan kaya ba ta tsaya ga tsufansu ba, domin aska ko ƙaho da aka raba da bayanin wanda ya riƙe shi, da cutar da aka yi shi dominta, da garin da aka samo shi, ba ya gaya wa mai kallo komai sai siffarsa.

Mafi daɗewa daga cikinsu

Daga ƙasar Masar aka sami tsofaffin rubuce-rubucen magani da suka fi shahara. Akwai naɗaɗɗiyar takardar da ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta a Luksor a 1862, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yanzu tana hannun wata cibiyar likitoci a birnin New York. Ta ƙunshi bayanin raunuka 48, an faro daga kai ana gangarowa, kuma a kowane rauni marubucin yana yanke hukunci ɗaya daga cikin uku: ciwon da zai yi wa magani, da wanda zai fafata da shi, da wanda ba shi da abin yi a kansa. Takardar Ebers kuwa, wadda ke ɗakin karatu na jami'ar Laifzig a Jamus, tsawonta ya kai kimanin mita 20, tana ɗauke da haɗe-haɗen magani sama da 800. A wani kabari kusa da Luksor an sami babban ɗan yatsan ƙafa da aka sassaƙa da itace aka ɗaura da fata a ƙafar gawar wata mace, wanda masana suka kimanta shekarunsa tsakanin 950 da 710 kafin miladiyya.

A garin Fomfei na Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono wuƙaƙen fiɗa da hantsuka da kofunan tagulla na zuƙe jini, yawancinsu suna gidan tarihin Nafoli a yau. Bahaushe da ya ga waɗannan kofuna ba zai yi baƙunta da su ba. Marubucin Rumawa Kelsus ya bayyana cewa iri biyu ne, na tagulla da na ƙaho, kuma na ƙahon ana huda tsininsa ne, a zuƙe iska da baki, sannan a toshe hudar da kakin zuma, wato kusan yadda wanzami yake yi har gobe a kasuwannin ƙasar Hausa.

Game da zamanin daulolin Musulunci, sunan da ya fi fitowa shi ne Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, kuma ya zana hotunan kayan fiɗa kusan 200 a juzu'i na talatin na littafinsa At-Tasrif. Sai dai ya kamata mai ziyara ya san cewa abin da ake nunawa da sunansa a wurare kamar gidan tarihin kimiyyar Musulunci na Istanbul, wanda aka buɗe a 2008 bisa aikin Farfesa Fu'ad Sezgin, kwaikwayo ne da aka ƙera daga waɗancan zane-zane, ba kayan da ya riƙe da hannunsa ba.

Tarin Wellcome

Babu wanda ya tara kayan magani kamar Henry Wellcome (1853–1936), haifaffen Amurka da ya yi arziki da kamfanin haɗa magunguna a Landan. Ya baza wakilai duniya suna saye masa duk abin da ya shafi cuta da waraka, har abin da ya tara ya haura miliyan ɗaya, kuma ya buɗe gidan tarihinsa a 1913. Bayan rasuwarsa an rarraba da yawa, aka ba Gidan Tarihin Kimiyya na Landan aron fiye da guda 100,000 a shekarun 1970, inda a 2019 aka buɗe sababbin ɗakunan nuni masu kaya kusan 3,000. Cikin irin waɗannan kaya ne ake ganin na'urar sauraren ƙirji ta farko, irin wadda likita Lanek ya ƙirƙiro a Faransa a 1816, wadda ba komai ba ce illa bututun katako.

Illar tarin Wellcome ita ce yadda aka yi shi. An sayi kayan Afirka da Asiya da yawa a gwanjo, tuli-tuli, ba tare da sunan maƙeri ko mai magani ba, aka jera su a matsayin matakin farko na wani tsani da ke ƙarewa ga likitan Turai. Wannan ne ya sa a Nuwamba 2022 masu kula da tarin da kansu suka rufe nunin da suka daɗe suna yi na kayansa, suna masu cewa yana ɗore da labarin da ke ƙasƙantar da baƙar fata da naƙasassu.

Sakkwato: takarda ta fi ƙarfe yawa

A Sakkwato, babbar taskar tarihin magani tana cikin rubuce-rubuce ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa risaloli da dama a kan ɗibbu, daga ciki akwai Al-Ƙaulul Manthur a kan basir, da Masugul Lujaini a kan cututtukan ido, da wata a kan amfanin filasko. Baffansa Abdullahin Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa abin da ke gyara addini da abin da ke gyara jiki, ita kuma Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Sha'awar Bello ga wannan fanni ba ta tsaya ga littattafan Larabawa ba, domin lokacin da Baturen Birtaniya mai yawon bincike Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Ingila har da likitan da zai zo ya zauna a ƙasarsa.

Rubuce-rubucen shugabannin jihadi suna warwatse a wurare da yawa: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan, ban da waɗanda ke gafakokin gidajen malamai. Wasu ma suna Faris, saboda Faransawa sun kwashe ɗakin karatun zuriyar Shehu Umar Futi daga Segu, a ƙasar Mali ta yau, a 1890, shi kuwa Umar ya zauna shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Bello, ya tafi da kwafe-kwafen littattafan malamanta.

Ita kanta takardar kayan tarihi ce, ba abin da aka rubuta a kanta kaɗai ba. Littafin wancan zamani ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake, ana rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata don kada su rikice, a haɗa su tsakanin tadarishi biyu a zura a gafaka. Idan aka ɗaga warƙa ga haske, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata guda uku, alamar takardar da ake yi a Italiya ana kawo ta ta hamada. A gefen shafi kuma almajirai kan rubuta sunan itace da ajamin Hausa ko Fulfulde kusa da sunansa na Larabci, kuma ga mai binciken tarihin magani wannan ɗan rubutun gefe yakan fi matanin amfani, tun da shi ke nuna wane tsiro na gida malamin ya ɗauka a madadin wanda littafin ya ambata.

Zabirar wanzami da sauran kayan gargajiya

Idan aka bar takarda aka dawo ga kayan hannu, zabirar wanzami ita ce mafi cikar akwatin aikin likita na gargajiya a ƙasar Hausa. Jaka ce ta fata mai aljihu da yawa, a cikinta akwai asake iri-iri, ta aski daban, ta kaciya daban, da 'yar ƙaramar tsaga, da abin cire beli, da almakashi, da dutsen washi da fatar gyara kaifi, sai ƙahonin shanu da aka yanke aka goge bakinsu. Wajen yin ƙaho, wanzami yakan fara kafa shi a busasshiyar fata ya zuƙe iska ya toshe tsinin, sai wurin ya taso, ya cire ya yi ƙananan tsage, ya sake kafawa har jini ya taru. Da zabira ke nan ake gane cewa abu ɗaya daga cikinta, in an ware shi a bayan gilashi, ba ya nuna aikin. Jerin kayan da yadda suke bin juna shi ne ilimin.

Sauran masu magani ba su bar kaya masu ɗorewa haka ba. Maɗori da karan dawa ko 'yan sanduna da tsumma yake ɗaure karaya, kuma da ƙashi ya haɗe ake zubar da su. Ungozoma da 'yar mai ganye kayansu ƙwarya ne da tukunya da saiwoyi da sassaƙe, irin su sabara da marke da maɗaci da bagaruwa, waɗanda in sun bushe suka daɗe da wuya a bambanta su sai an rubuta sunansu tun ranar da aka karɓa. Rubutun sha ya fi kowanne wuyar adanawa, domin maganin shi ne tawadar da aka wanke aka shanye, abin da ya rage kawai allo ne wanda ba ya bambanta da na makarantar allo. Wani abin lura kuma shi ne yawancin waɗannan kaya ba su mutu ba tukuna. Ƙahon da ke cikin akwatin gilashi a Turai da sunan kayan da, ɗan'uwansa yana bakin aiki a gindin bishiya ranar kasuwa, kuma wannan na cikin dalilan da ba a cika damuwa da adana su a gida ba.

Kayan asibiti da na yaƙi da annoba

Zuwan Turawa ya kawo wani rukuni na kaya. A asibitocin kutare irin na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda mishan ta SIM ta riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, da allurar man wani itace na Indiya ake yi wa marasa lafiya magani kafin ƙwayar dafson ta maye gurbinsa, kuma sirinjin gilashi da ake dafawa a sake amfani da shi na wancan zamani ne.

Yaƙi da agana ya bar abubuwa biyu da gidajen tarihi ke ji da su. Na farko bindigar lamba ce da ake taka wa feda da ƙafa, tana harba maganin cikin fata ba tare da allura ba, wadda aka yi aiki da ita a shirin da aka fara a 1967 a ƙasashe 20 na yamma da tsakiyar Afirka. Na biyu allura ce mai baki biyu, wadda ke riƙe ɗigon magani tsakanin tsinayenta, ana caka ta sau 15 a damtse. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, sannan a ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa an kawar da cutar baki ɗaya. Ana nuna irin wannan bindiga a gidan tarihin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a Atlanta, tabon lambar kuwa yana nan a damatsan dattawa da yawa a Sakkwato.

Adanawa da taƙaddama

Yanayin Sakkwato yana da wuya ga kayan tarihi. Zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu yana busar da fata har ta tsattsage, damina tana kawo tsatsa ga ƙarfe da fumfuna ga takarda, gara kuma ba ta barin itace ko littafin da aka ajiye a ƙasa. Tsofaffin kwalaben magani suna da nasu haɗarin, domin wasu na ɗauke da zaiba ko wasu gubobi da ba sa lalacewa da tsufa.

Akwai kuma tambayoyin da ba na kimiyya ba. Laya ɗinkakkiya ce, buɗe ta lalata ta ne, barinta a rufe kuma yana hana sanin abin da ke ciki, shi ya sa wasu gidajen tarihi suka koma leƙa cikinta da hoton na'ura. Batun gawarwaki ya fi zafi: gidan tarihin Pitt Rivers na Okusfod ya janye sassan jikin mutane daga nuni a 2020, na Hunter a Landan kuma, da aka sake buɗe shi a 2023, bai mayar da ƙwarangwal ɗin Charles Byrne wurin kallo ba, mutumin nan mai tsananin tsawo da ya rasu a 1783 bayan ya yi wasiyyar a jefa gawarsa a teku don kada likitoci su same ta.

A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma cikin ma'aunanta akwai kasancewar abu aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918. Madubin duba jini na shekarun 1940, ko tukunyar dafa allura, ko rajistar marasa lafiya ta wani tsohon asibitin karkara, da wuya su shiga ƙarƙashin wannan ma'auni, saboda haka idan aka tashi gyaran gini, ƙarfen yakan tafi hannun 'yan gwangwan a kan kilo, takardun kuma su ƙare a wurin masu ƙosai ko a cikin wuta.