Waiwaye: Aikin Mishan da Al'adun Mutane

Umurnin da aikin mishan ya dogara a kai gajere ne. A ƙarshen Bisharar Matiyu, Yesu ya ce wa almajiransa su je su almajirtar da dukan al'ummai. Sai dai tun tafiya ba ta yi nisa ba wata tambaya ta taso, wadda har yau ba ta kwanta ba: wanda ya karɓi bishara, dole ne ya yar da al'adarsa ya ɗauki ta mai wa'azin?

A Urushalima shugabannin ikilisiya suka yi taro suka kai ruwa rana a kanta, wajen shekara ta 50. Wasu suka dage sai wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya ya bi shari'ar Musa. Manzanni Bitrus da Bulus suka ƙi, taron kuma ya yanke cewa ba za a ɗora musu wannan nauyi ba. A 601 Paparoma Giregori ya bi wannan sawu, ya aika wa 'yan mishan da ke Ingila cewa su kawar da gumaka amma kada su rushe ɗakunan bautar, su mai da su majami'u.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ƙasar Sin. Matteo Ricci, ɗan mishan na Katolika daga Italiya, ya shiga ƙasar a 1583. Ya koyi harshen har ya rubuta littattafai da shi, ya sa tufafin malaman ƙasar, ya kuma ɗauki girmama kakanni da Sinawa ke yi a matsayin ladabi, ba bauta ba. Bayan rasuwarsa wasu 'yan mishan suka kai ƙara Roma, fadar Paparoma. Aka haramta al'adar a 1704, aka ƙara jaddada haramcin a 1742. Fadar Sin ta fusata, ƙofar da Ricci ya sha wuya kafin ya buɗe ta rufe. Sai a 1939 Roma ta sassauta, bayan bakin alƙalami ya daɗe da bushewa.

Ƙarni na 19 ya zo da makarantu da asibitoci da fassarar Littafi Mai Tsarki cikin ɗaruruwan harsuna, alheri ne da ba a musu. Amma ya zo tare da mulkin mallaka, a wurare da yawa kuma aka gauraya bishara da suna da sutura da ɗabi'ar Bature. Ciwon wannan ne ya sa a 1971 John Gatu, limamin coci daga Kenya, ya nemi a dakatar da turo 'yan mishan da kuɗi daga waje na ɗan lokaci, domin ikilisiyoyin Afirka su tsaya da ƙafafunsu.

Yanzu akasarin Kiristocin duniya suna Afirka da Asiya da Latin Amurka, kuma masu wa'azi daga Koriya ta Kudu da Brazil da Afirka ne ke buɗe majami'u a biranen Turai. Tambayar da aka yi a Urushalima ta dawo kansu.