Satar farko da kaziye: kwana a kwamisariya ba hukunci ba ne

Tun da aka kama wani yaro a unguwarmu ta Zariya, nan Nijar, kan satar wayar salula, zancen da ake yi a fada ɗaya ne: wai kaziyensa, wato takardar kotu da ke nuna hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum, ya ɓaci, shi da aikin gwamnati sai dai a mafarki. Uwarsa ta kwana biyu ko fura ba ta sha ba. An kai zancen nesa da yawa.

Kwana a hannun 'yan sanda ko jandarmomi ba ya shiga kaziye. Hukuncin alƙali kaɗai ake rubutawa, shi ma sai ya tabbata. In mai kaya ya yafe, mai shigar da ƙara kuma ya ajiye maganar, takarda tana nan fara tas. Amma a kula, yafewar mai kaya ba ta ɗaure hannun mai shigar da ƙara, yana iya ci gaba. Yaran da ba su kai shekara 18 ba alƙalinsu daban ne.

Kaziyen ma kashi uku ne. Lamba 1 ta alƙalai ce, komai na ciki. Lamba 2 wasu ma'aikatun gwamnati ke nemanta. Lamba 3 ita ce wadda mutum ke karɓa da kansa a kotun inda aka haife shi, wadda ake cewa kada ta wuce wata 3 in za a ajiye takardun kwankur, wato jarrabawar neman aiki.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sursi, wato ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Alƙali na iya yanke wa mai laifin farko watanni, ya ce kada a kai shi gidan kaso. Irin wannan ba ya fitowa a lamba 3. Sai dai ba wanke shi aka yi ba, bashi ne a wuyansa har shekara 5. In ya kame hannunsa, hukuncin ya faɗi. In ya sake, sai ya biya tsoho da sabo, alƙali kuma yana ganin na farkon a lamba 1.

Wanda aka ɗaure ba sursi, hukuncinsa zai fito a lamba 3, har sai ya samu wankin suna da doka ta tanada bayan wasu shekaru. Nan ne abin ke ci mini rai. Sursi ba dole ba ne, ganin alƙali ne. Yaron da ya zo da lauya da dattijon da zai tsaya masa ya fi kusa da samu a kan ɗan ga-ruwan da ya tsaya shi kaɗai, ko faransancin da ake yi a kansa ba ya ji sai ta bakin tafinta, alhali wayar da suka ɗauka iri ɗaya ce.