Tsaurin Saman Ruwa

Tsaurin saman ruwa shi ne ƙarfin da ke ɗame fuskar ruwa, ta zama kamar an shimfiɗa mata siririyar fata. Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira molekul, masu jan junansu. Ƙwayar da ke tsakiya ana janta ta ko'ina, amma ta sama babu komai a bisanta sai iska, don haka jan yakan rinjaya ciki. Shi ya sa raɓa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza, wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu kuma suke yawo a kan kududdufi da damina ba su nutse ba.

A zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, tsaurin ruwa mai tsabta kusan milinyuton 72 ne a kowace mita; milinyuton ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfi ne. Zafi na rage shi, sabulu kuwa yakan kai shi ƙasa da rabi. Wata Bajamushiya, Agnes Pockels, a gida ta yi awonsa da kayan da ta haɗa da kanta, aka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta Nature a 1891.

Nuna wa 'yan firamare abin a ƙauyukan Kano ko Jigawa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A cika tasa da ruwan randa, a bari ya kwanta. A ɗora busasshiyar allura a kan guntun tishu, a aza bisa ruwan a hankali. Tishun zai jiƙe ya nutse, allurar ta tsaya a sama, har ana ganin 'yar lotsawar da ta yi wa ruwan. Yara sukan ce ai don ba ta da nauyi ne. Sai malam ya sa ɗaya ya dangwale ta da tsinke, nan take ta sulale ƙasa, domin ƙarfe ya fi ruwa nauyi.

Gwajin da ya fi sa aji sowa shi ne na garin masoro. A barbaɗa shi a kan ruwa, yaro ya lakuci sabulu da yatsa ya taɓa tsakiya, sai garin ya watse gefe kamar kaji sun ga shaho. Ba sabulun ne ya kore shi ba: ya sassauta tsakiyar ne, ruwan gefe da ke ɗame ya janye garin. Sau ɗaya yake yiwuwa, sai an sake ruwa. Tasar ma a ɗauraye ta sosai, don ɗan ragowar Omo ya isa ya ɓata gwajin, kuma a hana yara murza ido da hannun masoro.