Waiwaye: Da wane mudu ake auna abin da jami'a ke koyarwa kan rainon muhalli?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Auyo zuwa Guri ya san kachala. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye fadamun shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan baki. Abin da ke damuna shi ne, ɗan manomin da ya shekara huɗu a jami'ar Dutse ko Kafin Hausa ko Wudil, idan ya dawo gida aka zauna a tabarma, zai iya faɗa wa mahaifinsa abin da ya kawo ta?

Maganar shigar da muhalli cikin karatu ta daɗe. A 1972 aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a Sitokholm, daidai lokacin da fari ke kashe dabbobi a yankin Sahel har zuwa ƙasar Hausa. A 1974 gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar Tiga, a 1992 kuma aka gama ta Challawa, shekarar da shugabannin duniya suka taru a Riyo ta ƙasar Birazil suna batun ci gaba mai ɗorewa. Madatsun sun kawo noman rani, kamar wanda Tiga ke shayarwa a Kadawa da Kura, ba mai musun alherinsu. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin Haɗeja. A da yakan cika ya batse da damina, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu ruwa na kwance shekara zagaye a wasu wurare, kuma abin da kachala ke so ke nan. Wannan darasi ne cikakke, a ƙofar gidanmu.

Majalisar ta ware 2005 zuwa 2014 don ilimin ci gaba mai ɗorewa. A 2015 ta zo da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, inda sashe na 4.7 ya nemi kowane ɗalibi ya samu wannan ilimi, tare da sanin cewa shi ɗan duniya ne mai haƙƙi a kan wasu, wasu ma na da haƙƙi a kansa.

A nan gida, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke riƙe da manhaja. Ta fitar da mizaninta na farko a 1989, ta sabunta shi a 2007, sannan a Disamban 2022 ta ƙaddamar da sabo, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta.

To, ta yaya ake gane ko an koyar? A nan gizo ke saƙar. Ma'aunin sashe na 4.7 ya dogara ne da rahoton da gwamnatoci ke bayarwa game da kansu. Jadawalin auna jami'o'i kan waɗannan muradu da mujallar Birtaniya ta Times Higher Education ta fara a 2019 shi ma jami'a ce ke aika hujjojinta. Masu tantance kwasa-kwasai kuwa malamai da littattafai da ɗakunan gwaji suke ƙirgawa. Duk waɗannan na nuna abin da aka rubuta a takarda ne, ba abin da ya zauna a kan ɗalibi ba. Ban raina ƙoƙarin da ake yi ba. Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana aiki tun 2012. Sai dai mai karanta lissafin kuɗi ko shari'a zai iya gama digiri bai taɓa jin ta ba.

Shi kuwa zama ɗan duniya, ba sai an je Turai ba. Tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya na ƙasar Haɗeja da hunturu daga can suke tasowa. Ruwan da aka saki daga Tiga, idan ya tsira, ta Gashuwa yake bi ya zama iyakarmu da Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi. Wanda ya tare shi a Kano ya taɓa tukunyar masunci a Yobe.

Da za a tambaye ni, a cikin kashi 30 ɗin nan zan sa kowane ɗalibi ya kwana biyu a ƙauyen da ambaliyar 2022 ta ci, ko wurin manomin da ke barin gawo a tsakiyar gonarsa don ya san ganyensa taki ne. Jarrabawarsa kuma a yi ta a gaban mai unguwa da manoman, da Hausa, su yi masa tambayoyi.