Kiwon kifin diskas a gidajen Jidda da Makka: tambayoyi da amsoshi

Duk baƙon da ya shigo falona a Jidda sai ya tsaya gaban tankin kifin nan kafin ya zauna, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko daga abokan aiki ko daga 'yan'uwa na unguwannin Hindawiyya da Shara Mansur. Wasu sun riga sun saya sun yi asara kafin su zo tambaya. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wane irin kifi ne wannan mai kama da faifai?

Diskas ake ce masa. Asalinsa kogin Amazon da rassansa ne a ƙasashen Barazil da Peru da Kolombiya. Wani masanin kifi ɗan Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1840. A can yana zaune ne a ruwa mai ɗumi, marar gudu, marar gishirin ƙasa, a tsakanin saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa. Babbansa kan kai santimita 15 zuwa 20, kuma idan ya sami kulawa yakan yi shekara goma ko fiye. Akasarin waɗanda ake sayarwa a shagunan nan ba daga kogi aka kamo su ba, a gonakin kifi na Maleshiya da Tailan da Jamus aka ƙyanƙyashe su. Wannan alheri ne gare mu, domin na gona sun fi na daji haƙuri da ruwan famfo.

An ce ba ya rayuwa a hannun sabon shiga. Da gaske ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Abin da ba ya so shi ne ƙazanta da sauyi na bagatatan. Wanda zai iya canza ruwa a kan lokaci ba fashi, zai iya kiwonsa. Wanda kuma sai ya ga dama, gara ya nemi wani kifin, kuɗinsa su huta.

Guda biyu sun isa? Falona ƙarami ne.

Biyu ita ce lambar da ta fi kowace muni. Kifin garke ne, kuma a garkensu akwai babba da ƙarami. Idan biyu ne ko uku, mai ƙarfin zai sa ɗaya a gaba, ya hana shi ci har ya rame ya yi baƙi ya maƙale a lungu. Idan sun kai shida, cin zalin yakan rarrabu, ba wanda zai sha shi shi kaɗai. Kowane babba yana son lita 40 zuwa 50, ke nan shida na bukatar tankin lita 240 zuwa 300, mai tsayi kamar rabin mita saboda siffar jikinsu. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa da gilashi da yashi za su doshi kilo 400, don haka teburin talabijin ba zai ɗauka ba, sai an ƙera masa mazauni na ƙarfe ko katako mai kauri.

Garin nan da zafi kamar tanda, me zan yi da hita kuma?

A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Kifin ba a titi yake zaune ba, a falonka yake, inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana. Diskas yana son ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 30. Falon da aka sanyaya zuwa 22 ko 23 zai ja ruwan tanki ƙasa cikin dare, da rana a kashe mukayyif a fita aiki ruwan ya sake hawa. Wannan hawa da saukan ne ke karya garkuwar jikinsa, sai cutar da da ba za ta yi masa komai ba ta kama shi. Saboda haka hita mai kashe kanta dole ce, ni ma biyu matsakaita nake sawa maimakon babba ɗaya, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe, in kuma ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifin ba. A sa ma'aunin zafi na daban a ɗaya gefen, kada a dogara da lambar da ke jikin hitar. Mutanen Ɗa'if da Madina da Riyad, inda hunturu ke da sanyi na gaske, su ba sai an faɗa musu ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Idan aka rufe gida aka yi tafiya a watan Yuli ko Agusta ba mukayyif, ruwan zai iya wuce 33. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai: a digiri 20 lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi ne kawai. Shi ya sa famfon iska mai fitar da kumfa ba ado ba ne a tankin diskas.

Ruwan famfonmu ya yi, ko sai na saya?

Ruwan da Jidda da Makka ke sha yawancinsa na Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri, babban kaso daga matatar Shu'aiba da ke kudu da Jidda, sannan a mayar masa da ɗan sinadaran ƙasa a sa kulorin. Ga diskas na gona wannan ruwa ne mai kyau, muddin an kiyaye abu uku.

Na farko kulorin. Yana ƙona matattarar numfashin kifi, yana kuma kashe bakteriyar da ke tace ruwa. Maganin kashe kulorin na ruwa ana sayar da shi a kowane shagon kifi, a ɗiga shi a duk ruwan da za a zuba, ko kaɗan ne.

Na biyu, hanyar da ruwan ke bi kafin ya iso gare ka. Daga bututu ko motar wayit, wato tankar ruwa, yake shiga rijiyar ajiya ta ƙarƙashin gini, a tura shi tankin saman bene, rana ta gasa shi. Kowa ya san yadda muke yi da bazara: a kashe hitar banɗaki don a sami ruwan wanka mai sanyi daga cikinta, domin na famfon sanyi ya zama na shayi. Wannan ruwan idan ka zuba shi kai tsaye a tanki, ka gama da kifin. Ni ina da duro na roba mai lita 120 a bayan ƙofar kicin. In cika shi, in sa maganin kulorin da tiyon iska, ya kwana, washegari in auna zafinsa ya yi daidai da na tanki kafin in zuba.

Na uku, ruwan da aka cire wa gishiri ba shi da ƙarfin riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wuri guda. Kana iya auna shi ka ga 7.5 ko 8 a famfo, bayan kwanaki a tanki mai kifi da yawa ya ruguzo ƙasa. Littattafai za su ce maka diskas na son 6 zuwa 7, sai mutum ya sayo kwalbar asid yana ɗigawa yana farautar lamba. Kada ka yi. Diskas na gona zai zauna lafiya a 7.5 da ba ya motsi, amma ba zai jure a kai shi 6.5 yau gobe ya koma 7.8 ba. Idan ka ga pH na faɗuwa, canjin ruwa a kai a kai ne maganinsa, ko a sa ɗan ƙullin dakakken murjani a cikin filta, wato na'urar tace ruwan tanki.

Wani dattijo ya taɓa tambayata ko zai sa musu Zamzam don albarka. Na ce Baba, Zamzam na sha ne, kuma ruwa ne mai sinadaran ƙasa da yawa, kishiyar ruwan da kifin nan ya fito ke nan. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ma a bar wa shuke-shuke, ya bi ta kan ƙarfe da ƙura.

Na kafa tanki yau. Gobe zan iya zuba kifi?

A'a, sai bayan mako huɗu zuwa shida. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce. A cikin soson filta wasu bakteriya ke zama su mayar da ita naitarait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitarait ɗin zuwa naitaret, wadda ke da sauƙi sai ta taru da yawa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikata, sai sun hayayyafa. A bar filta na aiki, ana jefa ɗan abinci yana ruɓewa, ana gwaji da kwalaben awo. Ranar da amoniya da naitarait suka nuna sifili, naitaret ta fara bayyana, tanki ya nuna. Wanda ke da aboki mai lafiyayyen tanki ya roƙi guntun tsohon soso, zai rage masa jira.

Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa ba a wanke soson filta a ƙarƙashin famfo. Na taɓa yin tafiyar kwana uku, mai taimaka mana da aikin gida ta ga soson ya yi datti ta wanke shi tas da sabulu, da kyakkyawar niyya. Kifi biyu na rasa a makon. A ruwan da aka zuƙo daga tankin ake matse shi, shi ke nan.

Sau nawa ake canza ruwa?

Manya, kashi ɗaya cikin uku, sau biyu a mako. Ƙanana masu tasowa, da ake ba abinci sau huɗu ko biyar a yini, kusan kullum. A riƙa zuƙe kashin da ya kwanta a ƙasa da mesa. Abin da ake nema naitaret kada ta wuce miligiram 20 a lita. Mai renon ƙanana ya bar ƙasan tankin ba yashi ba tsakuwa. Ba kyan gani, amma duk ƙazanta a fili take.

Me suke ci?

Ƙwayoyin abincin diskas masu nitsewa a hankali su ne tushe. A haɗa da daskararrun tsutsotsi da ƙananan jatan lande da shaguna ke sayarwa. Masu kiwo da yawa na niƙa zuciyar sa, bayan an cire kitse da jijiya, su haɗa da jatan lande da alayyafo su daskarar. Tana sa girma da sauri, tana kuma ɓata ruwa da sauri, don haka wanda bai shirya canjin ruwa ba ya bar ta. Manya sau biyu a yini ya ishe su. Su masu ci a natse ne, suna hura abinci daga ƙasa suna tsinta. Abin da ya rage bayan minti goma a kwashe.

Ta yaya zan gane ba shi da lafiya?

Diskas ba ya ɓoye damuwarsa. Launinsa zai yi duhu, ya tsuke fukafukansa, ya juya wa gilashi baya ya fuskanci lungu, ya ƙi abinci. Da ka ga haka, kafin ka taɓa kwalbar magani, auna ruwa da zafi, ka canza rabi. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa.

Idan bai ƙare ba, a duba alama. Farin kashi mai yauƙi kamar zare, tare da rama da ƙin ci, yawanci ƙwayoyin cutar hanji ne, kuma su ake dangantawa da ƙananan ramukan da ke fitowa a goshi. Maganinsu metronidazol, wanda muka sani da Filajil. Haki, ko numfashi da gefe ɗaya, ko goga jiki a itace, alamar tsutsar matattarar numfashi ce, ana kashe ta da firazikwantel, maganin nan na tsargiya. A sayi wanda aka haɗa don kifi a bi awon da ke jikin kwalinsa, a cire gawayin filta lokacin magani domin yana shanye shi. Abin da na fi gani yana kashe kifi shi ne mutum ya rikice ya zuba magani kala uku a dare ɗaya.

In na ga wani mai kyau a shago, in kawo in haɗa da nawa?

Ba kai tsaye ba. Ya yi mako huɗu zuwa shida a wani ƙaramin tanki, da mesarsa da ragarsa daban. Kifin da ya fito daga wata gona yakan ɗauko cutar da shi ya saba da ita, naka ba su saba ba. Wajen zaɓe kuma, ka ce mai shago ya ba su abinci a gabanka, ka ɗauki wanda ya rugo. Goshi ya zama cikakke, kada ya zama siriri kamar bakin wuƙa. Idan ido ya yi wa jiki girma, kifin ya tsumbure ne tun yana ƙarami, ba zai ƙara wani girma ba komai abincin da ka ba shi.

Uwargida na turaren wuta kullum. Da matsala?

Famfon iska abin da ke ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Turare kaɗan a falo mai faɗi ba ya yin ɓarna, amma kada a ajiye kasko kusa da famfon. Fesa maganin sauro ko na kyankyaso shi ne mai kisa, domin kifi ba ya jure shi ko kaɗan: a kashe famfon iska, a rufe tankin ruf, a fesa, sai ɗakin ya sha iska a kunna. Hannun da aka shafa wa turare ko mai ko sabon lalle kada ya shiga ruwa sai an wanke an ɗauraye sosai.

Lokacin aikin Hajji nakan yi kwana goma ban kwana gida ba. Wa zai kula da su?

Babban diskas mai lafiya zai yi mako guda ba ci, ba abin da zai same shi. Maƙwabcin da zai ji tausayinsu ya juye musu rabin gwangwani shi ne abin tsoro. Ka canza ruwa kwana biyu a jere kafin ka tafi, ka bar mukayyif a kan 26 ko 27, hita da filta da famfon iska duk a kunne. Idan akwai mai leƙawa, ka ƙulla masa abincin kowane kwana biyu a 'yar leda daban, ka ɓoye gwangwanin. Ƙanana kam ba sa jure yunwa haka, don haka mai wannan aiki kada ya sayi ƙanana daga Shawwal, ya bari sai Muharram.